Yadda Sabon Ma'aikaci Zai Nemi Hutun Rasuwa Ba Tare da Ya Jefa Aikinsa Cikin Matsala Ba

Musulmin da ya rasu da safe, galibi kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Tsakanin wayar da ta kawo labarin da sallar jana'iza, awanni ne kaɗan. Neman hutu a yawancin ofisoshi kuwa sai an cike takarda, shugaba ya sa hannu, ofishin kula da ma'aikata ya amince, abin da kan ci kwana biyu ko uku. Wanda ya daɗe a wurin aiki ya san ƙofar da ake bi, an kuma san halinsa. Sabon ma'aikaci bai san kowa ba, kowa bai san shi ba, ga shi kuma yana cikin lokacin gwaji. Kuskure biyu ne suka fi kama shi. Ko dai ya haɗiye abin ya ci gaba da aiki, don kada a ce daga zuwansa ya fara neman hutu, ko kuma ya hau mota ya tafi ba sallama, sai bayan sadakar bakwai ya dawo ya tarar da takardar tuhuma tana jiransa. Na biyun ya fi haɗari, kuma saƙo ɗaya na minti biyu ya isa ya hana shi faruwa.

Fara da sanin inda ka tsaya

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ambaci hutun rasuwa ba sam. Ta yi maganar hutun shekara, aƙalla kwana 6 na aiki, amma sai mutum ya cika wata 12 a jere yana aiki. Ta yi maganar hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya ba da shaida, da hutun haihuwa na sati 12. Rasuwa babu ita a ciki. Saboda haka a kamfani mai zaman kansa, abin da za ka samu shi ne abin da aka rubuta a takardar ɗaukarka aiki, ko a kundin ƙa'idojin ma'aikata, ko a yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta yi da kamfanin. In babu ko ɗaya daga cikin ukun, to alfarma kake nema, kuma gara ka san haka tun kafin ka buɗe baki, don harshen mai neman alfarma daban yake da na mai neman haƙƙi.

Akwai wasu sassa biyu na dokar da suka shafi sabon ma'aikaci kai tsaye. Sashe na 7 ya ba mai aiki har wata 3 kafin ya ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce, don haka ba abin mamaki ba ne rasuwa ta same ka ba ka da takarda ko ɗaya a hannu. Sashe na 11 kuma ya ce wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa a sallame shi, sai fa in kwantiraginsa ya ba da fiye da haka. Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 2, sati ɗaya ne. Ba don tsoratarwa aka kawo wannan ba. An kawo ne don ka ga cewa raba sabon ma'aikaci da aikinsa ba ya buƙatar doguwar hanya, kuma fashin aiki ba izini hujja ce da kai da kanka za ka miƙa musu.

A aikin gwamnatin tarayya abin ya fi tsari. Ƙa'idojin aikin gwamnati na 2008, waɗanda aka sabunta a 2021, sun ce ana iya ba ma'aikaci hutu na musamman da cikakken albashi har zuwa sati 2 don jana'izar miji ko mata, ko ɗa, ko iyaye, ko surukai, wato iyayen miji ko na mata. Lura da lafazin, ana iya bayarwa ne, sai an nema an amince. Waɗannan ƙa'idojin kuma su ne suka sa fashin aiki ba izini cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora, ga shi lokacin gwaji a aikin gwamnati shekara 2 ne. Jihohi da ƙananan hukumomi suna da nasu ƙa'idojin, galibi masu kama da wannan, amma ka tambayi jami'in mulki na ma'aikatarku wanne ake bi yanzu.

Idan kana karanta wannan alhali ba a yi maka rasuwa ba, yau ɗin nan ka nemi kundin ƙa'idojin ka duba abu huɗu: kwana nawa ake bayarwa, rasuwar wa aka lissafa, da albashi ne ko babu, sannan ko wanda ke lokacin gwaji yana ciki. Ka kuma ajiye lambar wayar shugabanka da ta wani a ofishin kula da ma'aikata a wayarka ta kanka, ba a kwamfutar ofis ba.

Awa ta farko

Wanda za ka fara sanarwa shi ne shugabanka na kusa, wanda ke raba maka aiki kullum. Ba manajan darakta ba, ko da shi ya kawo ka, ba kuma abokin zamanka ba. Tsallake shugaban kusa yana barin ɗaci da zai biyo ka har ranar da za a cike takardar tabbatar da kai. Saƙon baki ta hannun abokin aiki kuwa yakan ɓace, ko ya isa a makare, ko ya isa a karkace.

In kana ofis, tashi ka same shi. In ba ka nan, ka kira. In ya ɗauka ko bai ɗauka ba, ka bi bayan kiran da rubutaccen saƙo, na tes ko WhatsApp ko imel, duk wanda aka saba da shi a wurin. Dalilin rubutun shi ne, "je ka, Allah ya jiƙansa" da shugaba ya faɗa a tsaye a bakin ƙofa ba ya shiga fayil. Bayan sati biyu yana iya mantawa da kwana nawa kuka yi magana, ko a canza masa wurin aiki, mai lissafin albashi kuma rajistar zuwa aiki kawai zai duba.

Saƙon kada ya wuce layi huɗu ko biyar, kamar haka:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai Allah ya yi wa mahaifina rasuwa yau da safe a Kano, jana'iza bayan la'asar. Ina neman izinin tafiya yanzu. In Allah ya yarda zan dawo aiki ranar Litinin 14 ga wata. Makullin sito da rahoton da nake haɗawa na bar su wajen abokin aikina. Wayata a buɗe take, takardar neman izini kuma zan turo ta gobe."

In shugabar mace ce, "Hajiya" ko "ranki ya daɗe", gwargwadon yadda ake kiranta a wurin. Abin da ya sa saƙon nan ya yi aiki shi ne ya amsa tambayoyin da ke zuciyar shugaba kafin ya yi su: wa ya rasu, yaushe za ka tafi, yaushe za ka dawo, wa zai riƙe aikin. Babu dogon bayanin jinya, babu ban haƙuri sau biyar. Ba laifi ka yi ba. Idan hannunka na rawa ba za ka iya rubutu ba, ka ba ɗan'uwanka ko matarka wayar su rubuta da sunanka, daga lambarka.

Idan awa ɗaya ta wuce shiru, kuma motarka za ta tashi, ka tura saƙon nan ɗin ga mataimakinsa ko ofishin kula da ma'aikata, ka ƙara da cewa ka kira shugabanka ba ka same shi ba. Ka ɗauki hoton saƙonnin ka adana.

Masu aiki ta hannun kamfanin ɗaukar ma'aikata, irin waɗanda ake turawa bankuna da kamfanonin sadarwa da aikin gadi, wuri biyu za su sanar: inda suke zuwa aiki, da kamfanin da ke biyansu. Shugaban reshe yana iya cewa ka tafi da zuciya ɗaya, amma ba shi ke lissafin albashinka ba. Mai yi wa ƙasa hidima shi ma bayan shugaban wurin da aka tura shi, sai ya sanar da jami'in hukumar yi wa ƙasa hidima da ke kula da ƙaramar hukumarsa, musamman in tafiyar za ta haɗa da ranar tantancewa ta wata.

Faɗi dangantakar yadda take

Nan ne Bahaushe ya fi samun matsala, kuma ba da niyyar ƙarya ba. A gida, ƙanin mahaifi Baba ne, kishiyar uwa Inna ce, ɗan baffa yaya ne. A takardar kamfani kuwa uba shi ne wanda ya haife ka, kuma sunansa na cikin fom ɗin da ka cike ranar da ka kama aiki. Ka ce "Babana ya rasu" alhali baffanka ne, a ba ka kwanakin da ake ba wanda ya rasa mahaifi, ofis ya tara kuɗi ya turo wakilai ta'aziyya, su iske mahaifinka zaune a kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Daga ranar nan duk maganar da ka yi sai an auna ta. Ko kuma bayan shekara mahaifin naka na gaske ya rasu, a buɗe fayil a ga ai an riga an ba ka hutun.

Ka faɗi ainihin dangantakar, sannan ka ƙara jimla ɗaya da ke nuna nauyinta. "Ƙanin mahaifina ne, a hannunsa na tashi tun ina shekara biyar." "Kishiyar mahaifiyata ce, ita ta riƙe ni." "Kakata ce, kuma ni ne babban namiji a gidan." Shugabanni da yawa, har waɗanda ba 'yan Arewa ba, sun san riƙo, kuma sukan yi amfani da ikon da suke da shi su ba da kwanakin ko da kundin bai lissafa marikin ba. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano daga baya.

Lissafin kwanaki

Kada ka ce "zan yi 'yan kwanaki", kada kuma ka ce "sai abin da hali ya yi". Ka ba da rana da kwanan wata. Kafin ka ba da ita, ka haɗa abu uku: kwanakin hanya zuwa da dawowa, kwanakin zaman makoki da lallai sai kana nan, da kwana ɗaya na hutawa in tafiyar mai nisa ce.

Ɗauki misalin wanda ke aiki a Legas, aka yi masa rasuwa a Kano ranar Talata. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, a mota yini da kwana. Jana'izar ma ba zai same ta ba sai in jirgi ya hau. Zai isa Laraba, sadakar uku ta faɗo Alhamis ko Juma'a gwargwadon yadda gidan ke ƙirga, ya kamo hanya Asabar, ya huta Lahadi, ya shiga ofis Litinin. Kwanakin aikin da ya rasa 4 ne kacal, Talata zuwa Juma'a. In kuwa ya ce sai ya ga sadakar bakwai, ba zai koma ba sai Alhamis ta sama, kwanakin aiki 7 ke nan. Wanda ke Abuja, inda hanyar Kano ta ɗan haura kilomita 400, yana iya komawa aiki bayan uku, ya sake neman kwana ɗaya don bakwai.

Ka tambaya ko kwanakin da aka ba ka na aiki ne ko na kalanda. "Kwana biyar" da ya fara Alhamis, in na aiki ne sai Alhamis ta sama za ka dawo, in na kalanda ne Talata ake jiranka. Wannan bambancin kaɗai ya jawo wa mutane da yawa tuhuma.

Malamai sun yi saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma ba nan ne wurin warware shi ba. Abin da ya shafi aiki shi ne, kwana uku na karɓar gaisuwa kusan kowane shugaba yana ganewa, bakwai sai da bayani, arba'in kuwa ba a haɗa ta da hutun farko. Rana ɗaya ce da za ka nema daban, tun da wuri.

Ga Kirista lissafin ya bambanta, tunda ana iya ajiye gawa a mutuware sati biyu ko wata guda kafin dangi su tsayar da rana. Abin da ya fi shi ne raba hutun biyu: kwana ɗaya ko biyu yanzu don taron dangi, sauran a lokacin binnewa. Amma ka nemi rabawar a takardar farko, don a wasu wuraren da zarar ka dawo an rufe maganar hutun.

Shawarar da ta fi amfani ga sabon ma'aikaci ita ce ya nemi abin da zai ishe shi sau ɗaya. Wanda ya nemi kwana biyu don kunya, ya ƙara biyu ta waya, ya sake ƙara ɗaya, ya fi ɓata wa shugaba tsari a kan wanda ya ce biyar tun farko ya kuma dawo ranar da ya faɗa.

Takardar neman izini

Cikin awa 24 zuwa 48 ka aika da ita, ko da daga waya ne. In akwai fom na musamman ko manhajar neman hutu, ka roƙi ofishin kula da ma'aikata su turo maka, ko su yarda ka cike ranar da ka dawo, su kuma faɗi haka a rubuce. Sababbin ma'aikata da yawa ba a ma buɗe musu shafin hutu a manhajar ba tukuna, wannan ba laifinka ba ne, amma kai za ka faɗa. A yawancin ofisoshi da Turanci za a rubuta takardar. A aikin gwamnati ana rubuta ta ne zuwa ga shugaban ma'aikatar, ta hannun shugaban sashenka. Abin da za ta ƙunsa bai wuce wannan ba:

"Ina neman izinin hutu na kwana 4 na aiki, daga Talata 8 ga wata zuwa Juma'a 11 ga wata, saboda rasuwar mahaifina da ta auku ranar Talata a Kano. Zan dawo aiki Litinin 14 ga wata. Na sanar da shugaban sashena ta waya da saƙo a ranar da abin ya faru. Da yake ban daɗe da kama aiki ba, ina roƙon a sanar da ni a wane irin hutu za a lissafa waɗannan kwanaki, da kuma shaidar da ake bukata in kawo."

Sai cikakken sunanka, lambar ma'aikaci in an ba ka, sashenka, ranar da ka kama aiki, da lambar waya. Jimlar ƙarshe ta takardar ita ce mafi muhimmanci, don ita ke kai mu ga maganar kuɗi.

Da albashi ko babu

Kwanakin nan dole a ajiye su a wani gurbi, kuma gurbin huɗu ne. Hutun rasuwa da cikakken albashi, in kamfanin yana da shi kuma ya haɗa da masu gwaji. Ko a ba ka bashi daga hutun shekarar da ba ka kai ga samu ba, a cire in lokacin ya yi. Ko hutu ba albashi. Ko kuma ka rama kwanakin da aikin Asabar ko ƙarin duti. Ka nema a jere kamar yadda aka kawo su.

In ba albashi ne, ka tambayi yadda ake yankewa. Mai albashin naira 110,000, in an raba da kwanakin aiki 22, kwana ɗaya naira 5,000 ne, kwana 4 kuwa naira 20,000. In da kwana 30 ake rabawa, kwana ɗaya bai kai naira 3,700 ba, amma a irin wannan lissafin wasu kan haɗa har da Asabar da Lahadin da suka faɗo cikin hutun. Ka sani tun kana gida, lokacin da kuɗin mota da na hidimar baƙi ke fita daga aljihunka, ya fi ka gani a ƙarshen wata.

Abin da ba a yi shi ne karɓo takardar asibiti ta ƙarya don a lissafa kwanakin a hutun rashin lafiya. Rasuwa uzuri ce da ake tausaya wa mai ita, takardar bogi kuwa laifin kora ce a ko'ina. In baƙin cikin ya kwantar da kai da gaske, ba barci, ba cin abinci, hawan jini ya tashi, ka je likita ya duba ka ya rubuta abin da ya gani. Wannan halas ne.

Abin da za ka bari a baya

Minti goma sun isa. Makullai, kuɗin ofis da ke hannunka, kayan aiki, motar kamfani, ka miƙa su ga wanda shugaba ya nuna, a ƙirga a gabanka, ka rubuta a saƙo cewa ka miƙa. Kuɗi musamman. Wanda ya tafi da cinikin yini a aljihu da niyyar kawowa in ya dawo, ya buɗe wa kansa ƙofar zargin da ta'aziyya ba za ta rufe ba. Ka lissafa ayyuka biyu ko uku da wa'adinsu zai cika kafin ka dawo. Lambar sirrinka ta shiga kwamfuta kuwa kada ka ba kowa, ko da shugaba ne ya nema da baki, don duk abin da aka yi da ita sunanka zai fito. Ka ce a sa masu kula da kwamfuta su buɗe wa wanda zai riƙe aikin tasa hanyar.

Ma'aikatan jinya, masu gadi, ma'aikatan masana'anta da duk masu aikin karɓa-karɓa, musayar duti da abokin aiki ba ta zama musaya ba sai mai tsara jadawalin ya gyara da hannunsa. In abokin bai zo ba, sunan da ke jikin jadawali shi ne ya yi fashi. Malamin makaranta ya bar wa shugaban sashe inda kowane aji ya tsaya, da takardun jarrabawa in suna wurinsa. Yaron shago ko mai koyon sana'a, inda babu takarda sam, ya faɗa wa maigida a gaban wani babba, ya ambaci ranar dawowa da bakinsa.

Shaidar rasuwa

Ana jin zafin a ce wai sai ka kawo shaidar mutuwar mahaifiyarka, amma ba kai aka raina ba, fayil ne ke bukata. In a asibiti aka rasu, asibitin na ba da takardar da ke nuna rasuwar da sanadinta. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ke rajistar mutuwa ta ba da takardar shaida, kuma tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi. Sai dai mutane da yawa a gida suke cikawa, a binne su a ranar ba takarda ko ɗaya. In haka ne, ka tambayi ofis tun kana gida ko za su karɓi wasiƙar mai unguwa ko dagaci ko limamin da ya sallaci gawar, ko takardar rantsuwa daga kotu. Ga Kirista, takardar tsarin jana'iza ko wasiƙar coci takan wadatar. Tambayar tun kana can ita ce dabarar, don in ka dawo Legas aka ce sai wasiƙar mai unguwa, wata wahalar ce sabuwa.

Kofi za ka miƙa, asalin ya zauna a gida. Za a neme shi a banki, da wajen fanshon mamacin, da lokacin rabon gado.

In an hana, ko an rage

Kada ka yi musu a tsaye, kada kuma ka yi barazanar ajiye aiki cikin zafin rai. Ka tambayi abin da ya hana. Sau da yawa ba kwanakin ne matsalar ba, wani aiki ne guda da ba mai yi, ko ranar da masu bincike za su zo. Sai ka kawo mafita: a rage zuwa kwana uku, a yi ba albashi, ka rama da Asabar, ko ka amsa waya na awa ɗaya kullum. Wannan na ƙarshen ka yi hattara da shi, kada ka yi alkawarin aiki daga gidan makoki, inda ba wuta, ba natsuwa, baƙi na shigowa. In shugaban kusa ya ƙi, ka gaya masa cikin ladabi za ka kai roƙon ofishin kula da ma'aikata, sannan ka kai. Wakilin ƙungiyar ƙwadago, in akwai, yakan san abin da aka yi wa wasu a baya, kuma abin da aka taɓa yi wa wani hujja ce mai ƙarfi.

In duk ya ci tura kuma ka ga lallai sai ka tafi, wannan hukunci naka ne, kuma ba wanda zai ga laifin mai zuwa binne uwarsa. Amma ka tafi a rubuce: ka nema, an hana, ga dalilin tafiyarka, ga ranar dawowarka. In aka ba ka takardar tuhuma, ka amsa cikin wa'adin da ke jikinta, ka haɗa da hoton saƙonninka da shaidar rasuwa. Akwai ofisoshin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya a jihohi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, amma gaskiyar magana, mai wata biyu a aiki da ya tafi bayan an hana shi, ƙararsa ba ta da ƙarfi sosai.

In kuwa kana gida ka ga ranar da ka faɗa ba za ta yiwu ba, ka nemi ƙari kwana ɗaya kafin ta cika, ba da safiyar da ake jiranka ba. Dalili ɗaya, sabuwar rana ɗaya, kuma sau ɗaya.

Mai takaba

Matar da mijinta ya rasu, takabarta wata 4 da kwana 10 ce kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234, mai juna biyu kuma sai ta haihu. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba musulma wannan hutun gaba ɗaya da albashi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yi maganarsa ba, kuma da wuya kamfani ya riƙe wa sabuwar ma'aikaciya gurbinta fiye da wata huɗu tana karɓar albashi.

Don haka kada ki yanke shawarar komai a satin farko, musamman ajiye aiki, a daidai lokacin da ciyar da yara ya dawo kanki. Ki nemi hutun farko kamar kowa, ki ce za ki sake rubutowa kafin ya ƙare. Sannan ki tambayi malamin da kika amince da shi. A mazhabar Malikiyya mai takaba na iya fita da rana don bukatarta, ta dawo ta kwana a gidan da take takabar, ba tare da ado ba, kuma malamai da yawa sun sa aikin da take ci da shi cikin wannan bukatar. In haka kika zaɓa, abin da za ki nema a rubuce shi ne a cire ki daga dutin dare da tafiye-tafiyen kwana har takabar ta ƙare, a sassauta miki ƙa'idar kwalliya in aikin na da ita, a bar ki ki riƙa tashi da wuri. In kuwa zama za ki yi, ki nemi hutu ba albashi mai ranar farawa da ranar ƙarewa, da takardar da ta ce gurbinki na nan, da bayanin ko lokacin gwajin zai tsaya ne ya ci gaba in kin dawo.

Ranar dawowa

Ka zo da wuri, ka fara da ofishin shugabanka kafin teburinka. Ka yi godiya, ka yi wa waɗanda suka riƙe maka aiki da waɗanda suka kira ko suka je gaisuwa. In akwai takardar komawa aiki ka cike a ranar, don a wasu wuraren har sai an ga wannan takardar ake ɗaukar ka dawo. Ka miƙa kofin shaidar, ka karɓi makullai da kuɗi a ƙirge kamar yadda ka bayar.

Sati biyun farko hankali ba ya zama wuri ɗaya. Lissafin kuɗi, allurar majiyyaci, tuƙi mai nisa, aikin inji, duk abin da kuskurensa ke da tsada, ka roƙi wani ya sake dubawa, ka kuma gaya wa shugaba dalili. Ya fi a ce ka nemi taimako da a rubuta maka kuskure a rahoton gwaji.

Sauran abu uku. Ka tambaya ko kwanakin da ka yi za su ɗaga ranar tabbatar da kai, in za su ɗaga a rubuta sabuwar ranar. In albashi ya shigo kuma ka duba takardar biyan, ka gwada abin da aka yanke da abin da aka gaya maka, in da bambanci ka kai ƙorafi a watan, da kofin amincewar a hannunka. Ranar arba'in ko ta zaman rabon gado, da zarar dangi sun tsayar, ka rubuta neman izininta sati biyu kafin ta zo.